Taimama a Bakin Rafi

A gidan Alhaji Ɗalha mai albasa, can ƙarshen unguwa inda garin Jega ke gangarawa kwari, ba manoma kaɗai ke jiran hadari ba. Da zarar gabas ta yi baƙi, iska ta fara kaɗa dogon yaron ƙofar gida, sai ka ga Alhaji ya naɗe ƙafar wando ya zagaya bayan ɗakunan haya, riƙe da wani dogon ƙarfe mai lanƙwasasshen baki. Kowa a gidan ya san inda za shi, kuma kowa sai ya sami abin dubawa a wani gefen.

Ɗakunan nan ya jera su ne a filin da a da ake ɗaure awaki, kowanne da bayinsa na zamani, ya zuba ma'aikata da ɗalibai masu zuwa jami'ar Aliero. Duk bayin rami ɗaya suke zubawa, sokawe, wanda magini ya ce a haƙa babba, Alhaji ya ce a haƙa daidai. Tun damina ba ta yi nisa ba ramin ke cika. Akwai motar da ke zuwa ta zuƙe irin wannan kaya ta tafi da shi, amma Alhaji ya ce bai ga dalilin kiran mota ba alhali Allah na aiko da ruwa kyauta. Sai ya sa aka huda ramin ta gefe, aka zura bututu, aka toshe bakinsa da tsumma. In ruwan sama ya kankama, ya sa ƙarfen nan ya fizge tsumman, abin da ke ciki ya bi kwata, ya fice ta rariya, ya faɗa kwari. A gidan ba a cewa an buɗe masai, cewa ake an rage wa rami nauyi.

Kwatar kuwa, kafin ta kai rariya, sai ta shafi gindin bangon Goggo Gudiya.

Goggo Gudiya yayar mahaifin Alhaji ce, ita ta goye shi da uwarsa ta rasu. Ɗakinta ne kaɗai ginin ƙasa da ya rage a gidan, yana can ƙurya inda ƙasa ta fi gangare. Kayanta ba su da yawa: gado, randa, buta, adudun tufafi, sai buzun da take salla a kai. Abokiyar hirarta Hamdiyya, autar Alhaji, wadda da ta dawo islamiyya nan take zarcewa, ta cinye wa tsohuwa gyaɗa, ta tsefe mata furfura, su yi ta faɗa irin na kaka da jika.

Abin da ya fi ci wa Goggo rai shi ne bangon da kwatar ke bi, shi ne bangon alƙibla. Da fari danshi ne ya hau shi, baƙi, ya tsaya iya idon sawu. Sannan daɓen ya fara tsattsafo da ruwa daidai inda take sa goshi. Ta ja buzu baya kamar taki ɗaya. Aka sake ruwa, ta sake ja. Ita da ta yi shekaru tana kiyaye tsarki, ko kaza ta taka mata tabarma sai ta wanke, yau ga ta tana ɗaga goshi daga sujada tana shinshina buzu.

Wata safiya ta tare Alhaji zai fita kasuwa, ya sha farar shadda yana ƙamshin turare.

"Ɗalha, tsaya in gaya maka. Ruwanga da kaka saki, ɗakina shika shiga."

"Damana ta, Goggo," in ji shi, yana duban wayarsa. "Kowane ginin ƙasa haka shike. Bari rani shi yi, in sa a yi miki na bulo."

"Ba ruwan sama nika hwaɗi ba. Ruwan sama ba shi da wari."

Ya waiga ko wani ɗan haya na ji, ya rage murya. "To wane gida na ba a yi? Ki leƙa layinga kakaf, kowa hadari shika jira. Hukuma ba ta yi muna babbar kwata ba, ina kika son in kai shi, bisa kaina? Kuma ai ruwa mai gudu ba shi ɗaukar ƙazanta. Kahin shi kai gulbi ya wanke kainai."

"Ni salla nika ji. Ban sani ba ko inda nika aza goshi da tsarki."

"Allah zuciya shika dubi, Goggo."

Wayar ta yi ƙara, direban motar albasa ne daga Aliero. Alhaji ya ɗaga mata hannu ya wuce yana faɗa a kan buhuna, ta bi bayansa da kallo har ya shige zaure.

Wari ba ya zama inda aka ajiye shi. Ya kama katifa, ya kama zannuwa, ya shiga har cikin adudu. Goggo ta yi wanki har hannunta ya yi fari, ta ƙona turaren wuta har kasko ya tsage, amma duk inda ta gifta a tsakar gida sai an ji. Balaraba matar Alhaji ta san daga inda abin yake, don ita ke miƙa masa ƙarfen in hadari ya taso. Sai dai ɗora wari a kan tsohuwa ya fi sauƙi da ɗora shi a kan maigida mai kawo cefane.

Da Hamdiyya ta kwana biyu tana gudawa, Balaraba ta sami abin da take nema. Ta tsaya tsakar gida tana ɗaure ɗankwali, ta ɗaga murya yadda za ta kai ƙurya.

"Na hana ki shiga ɗakin can, ba ki ji! Mutum in ya tsuhwa ba shi iya riƙe kainai, kuma ba shi yarda. Gwano dai ba shi jin warin jikinai."

Goggo na zaune bakin gado tana jan carbi, ta ji kowace kalma. Ta buɗe baki za ta amsa, ta tuna a ɗakunan haya akwai kunnuwan baƙi, ta mayar da bakinta ta rufe. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Daga ranar aka ware mata kwano da moɗa. Tuwo a bakin ƙofa ake dire shi, a ce "ga shi nan" ana tafiya. Hamdiyya kan leƙo daga bayan turmi, in sun haɗa ido ta ruga. Goggo ta ci gaba da soya gyaɗa tana ƙullawa a gefen zane, har ta gane ba mai zuwa ci, ta daina. Wuni guda sai ya wuce ba wanda ya ce mata ci kanki. Kaɗaici ya dame ta ƙwarai, har takan tsinci kanta tana yi wa ƙadangaren bango magana.

Ranar da rana ta buɗe, ta fito da kayan adudu ta shanya, don duk sun yi fumfuna. A ciki akwai wani tsohon zanen saƙi, baƙi mai ratsin ja, wanda ta goya Ɗalha da shi. Da la'asar ta zo kwashewa ba ta gan shi ba, ta tambayi Balaraba.

"Wanga tsumma?" in ji Balaraba. "Ai ya mutu, Goggo, wari kawai shikai. Alhaji na biɗan abin toshiya, na ba shi."

Goggo ta lallaba bayan ɗakunan haya. Ga zanen nan an cusa shi a bakin bututu, ratsin jan ya leƙo, ƙudaje sun yanyame shi. Ta daɗe tsaye, sannan ta koma ɗaki. Ba ta jin Ɗalha ya san ko wane zane ne, kuma wannan ɗin ne ya fi yi mata ciwo.

Ruwa ba ya tsami banza. Masu lambu a fadamar da kwarin ke zubawa suka kai kuka, wai in an yi ruwa abin da ke sauko musu ba ya shinshinuwa. Aka turo duba-gari yana bi gida-gida, wani saurayi mai ladabi, Malam Nazir. Labarinsa ya riga shi isowa. Kafin ya yi sallama an jingina langa-langa a bakin bututun, an tara tsofaffin buhunan albasa a kai, an share kwata an watsa toka.

Amma hanci ba a rufe masa ido. Malam Nazir ya zagaya, ya zo ƙurya ya tsaya cak.

"Alhaji, nan akwai magana. Mi ka kawo wanga wari?"

Alhaji ya kama hannunsa ya ja shi gefe, daidai tagar Goggo, ya yi murya irin ta mai jin nauyi. "Malam, abin kunya na, amma kai ma'aikaci na. Goggona ta. Tsuhwa ta kama ta, ba ta iya riƙe komi, nan cikin ɗaki taka yi. Muna iya ƙoƙarinmu. Hannunka ba shi ruɓewa ka yanke ka yas."

Malam Nazir ya yi sallama a ƙofar, ya durƙusa. "Inna, sannu da hutawa. Ki gahwarce ni, aiki na. Haka zancen shike, ko akwai wani ruwa da ka shigo miki?"

Ga bangon nan baƙi a bayanta, da ta matsa gefe kaɗan ya gani. Ta ɗaga ido ta dubi Ɗalha. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, yana murza yatsun hannu yadda yake yi tun yana yaro in ya fasa abu. Ta hango shi gaban hukuma, ta hango sunansa a bakin 'yan kasuwa, ana nuna shi ana cewa ga wanda ke sakar wa mutane masai.

"Tsuhwa ta zo, ɗana," in ji ta. "Ku yi hanƙuri da ni."

Kunya ta kama saurayin. Ya ba ta haƙuri, ya ce wa Alhaji a riƙa shanya mata shimfiɗa, a kai ta asibiti a duba, ya fita yana sa wa Alhaji albarka da yake riƙe da tsohuwa. Da sawunsu ya ɗauke, Goggo ta kifa fuska a kan gwiwa ta yi kuka mai yawa, irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar mijinta. Da yamma aka dire mata ƙunshin balangu a bakin ƙofa, saƙon Alhaji. Shi bai zo ba, ita kuma ba ta taɓa naman ba.

Ta ɗauka wannan rufin asiri zai sa ya ji kunya ya kira mota. Ina! Wanda aka wanke a gaban hukuma me zai sa ya sake wahala? Ruwa na gaba da aka yi, ta ji ƙarar ƙarfen tun ɗigon farko bai gama sauka ba.

Cikin watan Agusta aka yi wani ruwa da azahar kamar da bakin ƙwarya. Kwata ta cika ta tumbatsa, abin ya shigo ta ƙarƙashin bango ya malale daɓen gaba ɗaya. Ta taga Goggo ta ga ruwa ya ƙwace zanen saƙin daga bakin ƙarfen Alhaji, ya yi rariya da shi, ya fice. Buzu ya jiƙe, ba sauran inda za a ja shi. Ta hau gado ta yi sallar a zaune, tana yi tana kokwanto, ta sallame ba ta san ko ta yi salla ko ba ta yi ba. Daga nan tari ya kama ta, tsakanin yatsun ƙafarta ya tsattsage yana ruwa.

'Yan haya suka fara ƙorafin wari, ɗaya har ya ce zai tashi. Alhaji kuwa yanzu yana da amsa a shirye, amsar da tsohuwa ta ba shi da bakinta. Ya aika aka kira Mairama, 'yar Goggo tilo, wadda ke aure a wani ɗan ƙauye can gangare ta hanyar Maiyama. A zaure ya tare ta, tun ba ta ga uwarta ba.

"Mairama, Goggo sai ɗiya mace yanzu. Ba ta riƙe komi, ita da kanta ta hwaɗi gaban duba-gari. Kuma kanta ya hwara juyewa, tana magana da ƙadangaru, tana ganin ruwa inda babu. In ta ce miki wani abu, ki bi ta da to."

Mairama ta shiga ɗakin, warin ya buge ta, ta fashe da kuka. "Inna, haka kinka koma ban sani ba?"

Goggo ta so ta ce ba ita ba ce. Balaraba na tsaye bakin ƙofa da tsintsiya, Alhaji na bayanta. Goggo ta ce wa Mairama, "Ɗauko min butata."

A bayan a-kori-kurar da ke kai albasa aka ɗora ta, ita da gadonta da randa. Hamdiyya ta fito ƙofar gida. Goggo ta miƙa mata hannu, yarinyar ta matso taku biyu, ta tuna, ta sa gefen hijabi ta toshe hanci. Ba da mugunta ta yi ba, abin da aka koya mata ke nan.

Hanyar ƙauyen gefen kwarin take bi. Goggo na zaune kan katifa tana kallonsa tun daga bayan gidan Ɗalha. Ta ga inda kwatocin unguwa ke zubowa ciki ɗaya bayan ɗaya, ta ga ya ratsa fadama, ya faɗaɗa ya zama rafi, shanu na sha, yara na iyo. Duk inda mota ta karkata, rafin na nan gefenta, har suka isa.

Mairama ta share mata ɗaki ta zuba sabon yashi, busasshe, mai tsabta. Goggo ta dafa shi da tafin hannu ta ji daɗi har cikin ranta. Kwana biyu ba a ji wani wari ba, Mairama ta ce lallai canjin wuri magani ne, ta gode wa Allah. A rana ta uku Goggo ta ga randa ta yi ƙasa, jikarta ta goye na tsotsar ruwa a moɗa.

"Mairama, ina kuka ɗibar ruwa?"

"Rahi mana, Inna. Famfon tuƙa-tuƙa ya lalace tun bara, rijiya ko ta rubza."

Goggo ta ɗauki sanda ta ce sai ta je. Da la'asar ce, mashaya cike da mata, masu wanki, masu cika jarka, wata na wanke wa jariri fuska. Ruwan ya ɗan yi ja irin na damina, ba abin da ido zai ƙi. A tsallake kaɗan akwai giyayya da saiwoyinta suka shiga ruwa, sun tare tarkacen da ambaliya ta kawo, ledoji da karan dawa. A cikinsu wani baƙin ƙyalle ya maƙale, ruwa na kaɗa shi, ratsin jan na fitowa yana nutsewa.

Goggo ta zauna a kan gaɓa. Wannan karon ba ta rufe baki ba.

"Kak ku sha ruwanga! Masai na. Masan gidan Ɗalha na, da na maƙwabtanai, in anka yi ruwa suka saki. Ga zanena can da anka toshe bututu da shi. Warin da kunka ji gare ni ba nawa na ba, ƙarya niy yi don in ruhe mai asiri!"

Matan suka tsaya da abin da suke yi. Suka dubi giyayya, suka ga tsumma kamar kowane tsumma. Suka dubi Mairama. Mairama ta sunkuyar da kai, ta ɗan taɓa gefen goshinta da yatsa, suka gane.

"Allah sarki, tsuhwa," in ji wata mai wanki. "Inna, kwantar da hankalinki. Ruwa mai gudu ba shi ɗaukar ƙazanta. Tun kakanninmu shi muka sha."

"To, Inna, to," in ji Mairama, yadda aka ce ta riƙa yi. Ta cika buta a rafin ta ajiye gaban uwarta. "Yi alwala mu koma, lokaci na wucewa."

Haka abin yake. Ranar da za a yarda da ita ta yi ƙarya, aka karɓa hannu bibbiyu, har da sa wa Alhaji albarka. Yau da ta faɗi gaskiya, ƙaryar da ta yi ita ce shaidar da aka kafa mata. A Jega kuwa an riga an rushe ɗakin ƙasa za a yi na haya, warin bai tafi ba, Balaraba ta ce ai na tsohuwa ne ya kama ƙasa, sai a hankali.

Goggo ta dubi butar, ta ture ta gefe da bayan hannu. Ta juya ta ba rafin baya, ta nemi inda ƙasa ta bushe a kan gaɓa. Ta yi bisimilla, ta buga tafukanta biyu a ƙasa, ta shafi fuska, ta sake bugawa ta shafi hannuwa.

Wata budurwa ta ƙyalƙyale da dariya. "Ku gani, taimama taka yi, ga ruwa har gwiwa!"

"Ki bari," in ji mai wankin. "Kowa da ranatai."

Goggo ta miƙe da ƙyar ta fuskanci gabas. Can ta wajen Jega sama ta yi baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta fara kaɗa ganyen giyayya. Ta san abin da ake yi a wani gida a daidai wannan lokaci, ta san wa ke naɗe ƙafar wando, ta san wa ke miƙa ƙarfe. A bayanta tana jin ƙarar jarkar Mairama tana cika, da muryar 'yar goyen tana kukan ƙishirwa, da uwar tana cewa, "Yi shiru, ga ruwa, sha."

Ta ɗaga hannuwanta masu ƙura ta yi kabbara.